Yadda ake zaɓen na'urar ji ta cikin kunne, wadda ake ƙerawa daidai kunnen mutum

Tun ranar da mutanen unguwarmu sunka ga Baba ya dawo zaman majalisa bayan la'asar, ana magana yana amsawa ba sai an matso an ɗaga mishi murya ba, ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni ƙofar masallaci, wani ya kira waya bayan isha'i, gwaggonmu ma yaro ta aiko, kuma duk tambayar guda ce: wanga ɗan abu da ke cikin kunnen Baba ina kunka samo shi, nawa ne, ta ina ake farawa? Abin ba na amsar minti biyu ba ne a tsaye bakin hanya, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda munka bi su, har da inda munka yi kuskure munka yi asarar kuɗi. Ni ba likita ba ne, ɗa ne da ya yi ta zirga-zirga da mahaifinshi har Allah ya sa anka dace.

Na'urar da nake magana kanta ba irin wadda ake ratayawa bayan kunne ba ce. Wagga ana ɗaukar siffar ramin kunnenka ne, a aika kamfani su ƙera ta daidai da shi, ta zauna ciki ɗaf, kuma ba ta shiga kunnen kowa sai naka. Wannan shi ne daɗinta kuma shi ne haɗarinta, don in ka yi kuskuren zaɓe ba ka iya sayar wa wani ko ka ba ɗan'uwanka.

1. A fara duba kunnen, kada a fara da saye

Mu da saye munka fara, kuma har yau ina jin ciwon abin. Na ga wata 'yar na'ura a wani shago mai arha, anka ce min ana sa wa tsoho sai ya ji har motsin tururuwa, na biya na kawo. Baba ya sa ta kwana uku ya cire ya ajiye cikin aljihun babbar riga, ya ce ƙarar kwano da kukan akuya da janareton maƙwabta duk sun shige mishi cikin kai amma maganar mutane tana nan a dagule. Irin waɗannan amfilifaya ce kawai, tana ɗaga kowace ƙara baki ɗaya ba tare da sanin wane sauti ne kunnenka ya rasa ba, kuma in ta yi ƙarfi da yawa tana iya ƙara lalata ɗan jin da ya rage.

Abin da ya kamata mu yi tun farko shi ne zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ENT. Nan Sakkwato akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in kuma anka tura ka gaba akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Likita zai leƙa da 'yar fitila ya ga ko dauɗar kunne ce ta toshe ramin, ko dodon kunne ya huje, ko ruwa ya taru bayanshi. Mutane da yawa matsalarsu dauɗa ce kawai, an wanke sun ji garau sun koma gida ba su sayi komai ba. Ka faɗa mishi tarihin duka kar ka rage, in an taɓa sanƙarau ko ƙyanda, in an sha allurai masu ƙarfi lokacin wata doguwar jinya, in an yi shekaru gaban injin niƙa ko walda.

Gargaɗi a nan: in ji ya ɗauke farat ɗaya, ka kwanta lafiya ka tashi kunne guda ya mutu, wannan ba maganar na'ura ba ce, maganar asibiti ce a ranar, don maganin da ake bayarwa ya fi aiki cikin kwanakin farko. Haka in kunne na zubar da ruwa ko mugunya, ko akwai jiri, ko ciwo, ko ƙugi a kunne guda kaɗai. Kuma don Allah kafin zuwa kar a ɗiga man ja ko ruwan albasa, kar a soka ashana ko gashin kaza.

2. Gwajin ji, da yadda za ka karanta takardar

Za a shigar da mai matsalar wani ɗan ɗaki da ba ƙara, a sa mishi abin saurare a kunne, a riƙa sako sauti siriri da mai kauri, duk wanda ya ji ya danna maɓalli ko ya ɗaga hannu. Sai a ɗora wani ƙarfe kan ƙashin bayan kunne a sake, wannan shi ke nuna ko matsalar a hanyar sauti take ko a jijiyar can ciki. Bai kai awa guda ba yawanci. Ka zauna da tsohonka kafin a fara ka yi mishi bayani da Hausa, don tsofaffinmu suna da kara, wani sai ya riƙa ɗaga hannu don kar ya ba ma'aikaci wahala alhali bai ji komai ba, to an ɓata gwajin ke nan kuma da wannan takardar za a saita na'urar.

Takardar ana ce mata odiyogiram. Jan da'ira kunnen dama ne, shuɗin alama mai kamar X kunnen hagu. Lambobin gefe desibel ne, wato ma'aunin ƙarfin sauti, iya ƙasan da alamar ta sauka iya nauyin matsalar. Yadda akasari ake rabawa: 26 zuwa 40 mai sauƙi, 41 zuwa 55 matsakaici, 56 zuwa 70 ya fara nauyi, 71 zuwa 90 mai tsanani, sama da 90 kuwa ya kai maƙura. Ɓangaren hagu na takardar sauti mai kauri ne, ɓangaren dama siriri, kuma yawancin tsofaffi siririn ne ke fara tafiya, shi ya sa za ka ji suna cewa ina jin ana magana amma ban gane mi ake faɗa ba, don haruffa irin su s da sh da ts da f sun ɓace musu.

Ka karɓi kwafin takardar ka ɗauke ta hoto a waya, haƙƙinka ne. In ta haura wata shida a sake sabon gwaji kafin a yi oda. Duk mai sayarwar da ya ce ba sai da gwaji ba, ka yi mishi sallama ka fita.

3. Shin ta cikin kunne ma ta dace da kai?

Wannan tambayar mutane ke tsallakewa don sun riga sun ƙulla a rai. Ta cikin kunne ba ta kowa ba ce. Yaro ƙarami ba a yi mishi, kunnenshi girma yake, wata kaɗan ta yi mishi sako-sako, yara ta bayan kunne ake ba su a riƙa sauya robar da ke shiga kunne kawai. Wanda kunnenshi ke ruwa a kai a kai ba a toshe mishi rami, ciwon zai ƙaru kuma na'urar ta mutu. Wanda matsalar jinshi ta kai maƙura, ta bayan kunne mai ƙarfi ita ce tashi. Sannan akwai wanda sauti mai kauri yana ji lafiya lau, siririn kaɗai ya rasa, irin wannan in anka toshe kunnenshi sai ya riƙa jin muryarshi kamar ya sa kai cikin randa, tauna ma ta dame shi, sau da yawa 'yar siririya ta bayan kunne mai barin rami a buɗe ta fi mishi daɗi.

Inda ta cikin kunne ta yi zarra kuwa a wajenmu nan, abu guda ce ba waya ba reshe, saka ta bai da wuya. Mai tabarau ba ya cunkusa abu biyu bayan kunne. Mai naɗa rawani da mai sa hijabi ba abin da ke gogar bayan kunnensu yana ƙasau-ƙasau cikin makirfo. Waya kuma ka kara ta a kunne yadda ka saba.

4. Zaɓen girma, inda kunya ke sa mutane asara

A nan munka fi daɗewa, kuma a nan nake so ku fi saurare na. Iri huɗu ne, masu sayarwa da haruffa suke kiransu. ITE ita ce babba, tana cika kwarmin kunne duka ko rabinshi. ITC ta bakin rami ce, ana ɗan hango fuskarta. CIC ta shige cikin rami sai ɗan zaren roba da ake jawo ta da shi. IIC ita ce mai ɓuya can ciki, sai an leƙa ake ganinta.

Baba da ya ga hotunansu yatsa ya ɗora kan ta ƙarshe, ya ce ni dai a yi min wagga da ba a gani, kar a ce Malam ya kurumce. Na fahimce shi ƙwarai, mutum ne da ya yi shekaru yana karantarwa, ana jin maganarshi ana tsayawa. Ma'aikaciyar da ke duba shi ba ta yi gardama da shi ba, sai ta ɗauko samfurin ƙaramar ta aje tafin hannunshi ta ce Baba buɗe min ƙofar batir ɗin nan mu gani. Sau biyu tana suɓuce mishi tana faɗuwa, batir ɗin ma bai iya ganinshi sosai ba. Shi da kanshi ya ce a kawo babbar. Don haka ku yi wannan gwajin kafin ku biya ko sisi, wanda zai sa na'urar shi zai riƙe samfurin, ya saka, ya cire, ya buɗe, ba ɗanshi ba, don ɗan ba ya nan da asuba lokacin da za a saka.

Ga abin da ƙanƙanta ke ci maka. Ƙaramar na'ura ƙaramin batir take ɗauka, ba ya daɗewa. Ba ta da wurin makirfo biyu, kuma makirfo biyun nan su ke taimakawa ta fi kama muryar wanda ke gabanka ta rage hayaniyar baya, abin da ake buƙata a wajen ɗaurin aure ko cikin kasuwa. Yawancin ƙananan ba su haɗuwa da waya ta Bluetooth, ba su da maɓallin ƙara murya ko ragewa, ƙarfinsu kuma bai wuce na mai matsala mai sauƙi zuwa matsakaiciya ba. Sannan da yake can ciki take zama inda dauɗa da gumi suke, ita ta fi saurin toshewa. Wani ma ramin kunnenshi ya yi ƙunci ko ya lanƙwashe da yawa, ko yana so kamfani ba su iya ƙera mishi IIC.

Abin da take ba ka kuwa, ba a ganinta, kuma iska ba ta bugunta sosai, wanda kullum yana kan kabu-kabu zai ji bambancin. In matashi ne ko magidanci mai ƙarfin ido da hannu, matsalarshi ba ta yi nauyi ba, kunnenshi busasshe, CIC na iya yi mishi daidai. Amma ga dattijo, ga mai rawar hannu, ga mai ciwon suga da yatsunshi sunka yi dundum, ni ra'ayina ITE ko ITC, ba na ko tantama. Kuma a ƙara da wannan, ji raguwa yake da shekaru, ka tambaya ko na'urar tana da sauran ƙarfin da za a ƙara nan gaba, kar a ba ka wadda tun yau an kai ta ƙarshen ƙarfinta.

In kunne biyu ne ke da matsala, biyu ake so a sa, da su ne mutum ke gane ta ina sauti ya fito, abu mai muhimmanci ga mai tsallaka titi. In kuɗi ba su kai ba kar a fasa, a fara da guda, mai gwajin ya faɗa muku wane kunne.

5. Batir ko caji

Batir ɗin na'urar ji launi ke bambanta su a ko'ina cikin duniya. Lamba 10 rawaya, shi ne na ƙananan, kwana 3 zuwa 7 yake yi. Lamba 312 ruwan ƙasa, yana ɗan fi shi daɗewa. Lamba 13 ruwan lemo, na manyan, yana iya kai mako biyu. Yi lissafi da kanka, in lamba 10 na yi maka kwana 5, kunne guda na cin 73 a shekara, biyu 146, kati mai guda shida-shida wajen 25 ke nan. Ka tambayi kuɗin katin ka ninka, kuma ka tambayi kanka a ina za ka riƙa samu cikin Sakkwato, don ba batir ɗin agogo ba ne, kar wani ya ce maka duk ɗaya ne.

Wanga batir da iska yake aiki, akwai 'yar takarda manne a bayanshi, in ka ɓare ta ka jira kamar minti guda kafin ka saka. Da zarar an ɓare ya fara ci ko an mayar da takardar, don haka kar a bar yara su ɓare su. Babban gargaɗi: ƙanana ne kamar ƙwayar magani, yaro na iya haɗiyewa, tsoho mai raunin ido ma na iya ɗauka ya sha. Kar a aje su wuri guda da magunguna, in kuma an haɗiye a nufi asibiti nan take.

Yanzu kamfanoni irin su Starkey da Signia da ReSound suna ƙera ta cikin kunne mai caji, ka aje ta cikin akwatinta da dare da safe ta cika. Ga tsoho wannan sauƙi ne babba, ba buɗe ƙofa ba neman batir. Amma ku san halin wutarmu, in gidan ba sola ka tabbatar cajar tana karɓar wuta daga fawa banki. Kuma yawancin masu cajin manya ne, sun fi tsada, batir ɗin ciki in ya gaji bayan shekaru sai an mayar kamfani.

6. Kuɗi, da tambayoyin da za ka yi kafin ka biya

Sanannun kamfanonin su ne Phonak, Oticon, Signia, Widex, ReSound da Starkey, duk daga waje suke zuwa, farashinsu bin dala yake, abin da anka faɗa maka watan jiya ba lalle ya zama na yau ba. Kar ka tsaya kan kuɗin na'ura kaɗai. Ka rubuta kuɗin kati da ganin likita, wankin kunne, gwaji, awon kunne, na'urar, batir na shekara, matatar dauɗa da kwalbar busarwa (bayaninsu na mataki na 10), da kuɗin mota in wajen da za a yi ba cikin gari yake ba, don zuwa ba guda ba ne, aƙalla uku ko huɗu ne.

Kowane kamfani yana da mataki-mataki na tsada a siffa guda, bambancin yana cikin yadda take tace hayaniya. Dattijon da rayuwarshi gida ce da masallaci da majalisa, ta ƙasa ko ta tsakiya da anka saita da kyau ta ishe shi, kar a cusa muku ta ƙoli. Ɗan kasuwa ko malamin aji ko mai yawan taro shi ne zai ga amfanin ƙarin kuɗin.

Ka tambaya, kuma a rubuta maka a takarda: garanti shekara nawa, mi ya ƙunsa. In ta zo ba ta zauna daidai ba wa zai biya sake ƙerawa, kuma cikin kwana nawa. Sake saiti sau nawa ne kyauta. In ta lalace ina ake kai ta, wata nawa take yi. A rubuta sunan kamfani da samfuri da lambar jikin kowace a rasit. Ni a ganina wanda zai riƙa saita maka ita ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Shi ya sa masu cewa ɗan'uwa zai aiko daga Saudiyya ko Ingila nake ce musu su fara tabbatar da akwai mai kwamfutar saita irin wannan kamfanin kusa da su, in ba haka ba ta zama kayan ado.

7. Ranar awon kunne

Dole kunne ya kasance tsaf ba dauɗa, in akwai gashi da yawa a rage. Ma'aikaci zai leƙa, sannan ya tura ɗan soso ko auduga mai zare can ciki don ya tsare dodon kunne, a nan wasu ke yin tari, ba komai ba ne. Sai ya ɗura silikon mai laushi ya cika rami da kwarmin, za ka ji sanyi da toshewa, a jira kamar minti biyar ya daskare a zaro a hankali. Wani zai sa maka ɗan abu ka ciza don baki ya zauna a buɗe, saboda ramin kunne motsi yake da muƙamuƙi. Ka bi abin da ya ce, kar ka yi ta surutu.

Gargaɗi: in ka ga za a ɗura ba a sa sosan nan ba, ka tashi. In an taɓa yi maka aikin kunne, ko dodon kunne ya taɓa hujewa, ko kana shan maganin tsinka jini, ka faɗa kafin a fara. Matsi kaɗan daidai ne, zafi mai tsanani ba daidai ba ne, ka yi magana nan take. Kuma kar wanda ya gwada yin wannan a gida.

Bayan an zaro ka dubi awon, ya zama sumul ba rami ba kumfa, kuma ya yi tsawo ya nuna lanƙwasar ramin. In ya gutsure a sake, minti goma ne, ya fi a jira makonni a kawo abin da ba ya zama. A ranar ake zaɓen launi, ka ɗauki mai duhu da ya yi kusa da fatarka. Ka tambayi maganar 'yar kafar iska da ake hudawa jikin na'urar, ita ke rage jin muryarka kamar cikin randa, amma in ta yi faɗi da yawa ga mai matsala mai nauyi sai ta riƙa fito. Ka ce a sa zaren cirewa ko da babba ce. Daga nan sai haƙuri, makonni ne kafin ta iso.

8. Ranar karɓa

Kar ka yarda a miƙo maka kwali ka tafi, ko a sako ta a mota. Wanda zai sa ta dole ya je. Za a haɗa ta da kwamfuta a shigar da sakamakon gwajinshi, in wurin suna da na'urar da ake sa siririn bututu cikin kunne a auna sautin da ke isa dodon kunne, ka ce a yi, shi ne saiti mafi inganci. Mai jan alama ta dama ce, mai shuɗi ta hagu, ka koya wa tsohonka wannan tun a wurin.

Ya saka ya cire da hannunshi sau uku ko huɗu gaban ma'aikacin. Ya buɗe baki, ya yi kamar yana tauna, ya sunkuya kamar sujada, a ga ko tana zamewa. Ya sa hularshi ko rawani, mace ta sa hijabinta, a ji ko za ta yi fito. Ka koma bayanshi ka yi mishi magana da Hausa da muryar da kuke hira a gida, ka fita da shi bakin titi ku dawo. Duk inda take matsa shi ya nuna, ana iya goge wurin.

9. Makonnin farko

Kunnen da ya yi shekaru cikin shiru in anka buɗe mishi duniya lokaci guda gajiya yake. Baba kwanakin farko ƙarar takalminshi da zubar ruwa a buta ma damunshi suke. A fara da awa biyu zuwa uku cikin gida, ana ƙarawa kullum, har a kai ga yini duka, kasuwa da taro su zo daga baya. Ku 'yan gida ku daina ihu, ku fuskance shi ku yi magana a natse. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta ƙorafinshi, wane wuri, wace ƙara, ku koma da shi bayan mako biyu zuwa huɗu a gyara saiti. Na'ura ba ta mayar da ji kamar na ƙuruciya, amma in har bayan gyara biyu yana cire ta yana ajewa akwai abin da ba daidai ba, ku koma tun lokacin sake ƙerawa bai wuce ba. In fata ta yi ja ko ta sale, a cire a daina sawa sai an gani.

10. Alwala, zufa da ƙura

Abubuwa ukun nan su ke kashe na'ura a garin nan. Sau biyar a yini muna sa jiƙaƙƙen yatsa a kunne, don haka a cire kafin alwala, a sa cikin ɗan akwatinta ba cikin aljihu tsirara ba, kuma ba kan dakalin masallaci ba, a tsane kunne da gefen rawani ko hankici sannan a mayar. Mun ɗinka wa Baba ɗan aljihu na ciki a rigunanshi don akwatin. Wanka ma a cire, haka in za a fesa turare ko a shafa mai a bari ya bushe tukun.

Watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kunne na gumi, gumin na shiga ciki. Kowane dare a goge ta da busasshen ƙyalle, in ba mai caji ba ce a buɗe ƙofar batir a cire shi, a sa ta cikin kwalbar busarwa mai ƙwayoyin tsotse danshi, in ƙwayoyin sunka sauya launi a sabunta. Kar a shanya ta a rana, kar a kai ta kusa da murhu, kar a bar ta cikin mota a rufe. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke cika kafar makirfo, da safe a kifa ta a share da ɗan burushin da ke zuwa cikin kwalin, a kife don ƙurar ta zubo waje. Ba ruwa, ba sabulu, ba allura.

A bakin da ke shiga kunne akwai 'yar farar matata mai tare dauɗa. In na'ura ta yi shiru ko muryarta ta dushe, kafin hankalinka ya tashi ka sauya batir, ka sauya wagga matata, sau da yawa ita ce. Kowane kamfani da irin tashi, don haka ka sayi fakiti biyu ko uku tun ranar karɓa kuma a nuna maka yadda ake sauyawa da ɗan sandan. Kada a kai wa mai gyaran waya ko agogo ya buɗe, garanti ya tashi ke nan. In mutum ya rame sosai bayan jinya tana iya yin sako-sako ta fara fito, sabon awo ake yi a sauya gidan na'urar. Na'ura da anka kula da ita tana kai wajen shekara biyar, gwajin ji kuwa a sake duk shekara. Mu mun sa namu bayan ƙaramar salla don kar a manta, kuma ranar nake tafiya da kwalin duka da rasit da tsohuwar takardar gwaji a kwatanta da sabuwa.